Yadda ake zana motar da kowa zai iya haɗawa, kowane makanike ya iya gyarawa

Ɗora hoton mota a intanet a ce kowa na iya kwaikwaya ba wani aiki ba ne. Aikin shi ne a ce wani mai walda a wani gari, wanda bai taɓa ganinka ba, ya sauke zanenka, ya shiga kasuwarsu ya sayo kaya, ya yanka ya haɗa, abin da ya ƙera kuma ya zauna daram a jikin wanda kai ka ƙera, ba tare da ya neme ka a waya ba.

An daɗe ana gwada wannan. A 1999 wani Bajamushe, Markus Merz, ya ƙaddamar da OScar da nufin a zana mota a bainar jama'a kamar yadda aka gina manhajar Linux. An yi muhawara mai yawa, an yi zane, amma motar ba ta hau titi ba. Kamfanin Local Motors da aka kafa a Amurka a 2007 ya fitar da Rally Fighter, zanenta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato izinin da ke bai wa jama'a damar kwafa, injinta kuwa na General Motors ne da aka saya a shirye. An sayar da motocin, amma kamfanin ya rufe a farkon 2022. Wikispeed ta Joe Justice ta shiga gasar Automotive X Prize a 2010 da motar da aka kasa gida takwas, kowane gida ana iya cire shi a sauya ba tare da an taɓa sauran ba. A 2013 OSVehicle ta fito da Tabby, shasi ne tsirara da ake haɗawa da sifana, kowa ya ɗora bodin da yake so. In ka duba waɗanda tayarsu ta taɓa ƙasa za ka ga abu biyu suka yi. Ba su ƙera abin da ake sayarwa a shago ba, sannan sun tsayar da awon wuraren da sassa ke haɗuwa tun kafin su zana sassan.

Kasuwa kafin kwamfuta

Kuskuren farko shi ne a buɗe manhajar zane a fara lanƙwasa bodi. Ka ajiye kwamfuta tukuna, ka ɗauki littafi da baniya, wato ma'aunin kauri da faɗin ƙarfe, ka shiga kasuwar kayan gyara ta inda motar za ta yi aiki. In a arewacin Najeriya ne, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za su gaya maka gaskiyar da babu ita a kundin kowane kamfani: wane boris ne ke kowane shago, wane fatin birki ne sai an yi oda daga Legas.

Ka zaɓi mota guda ɗaya da za ka ari ƙafafunta, wato hob, birki, sitiyari da aksul. Guda ɗaya, ba uku ba. Masu ƙera Locost a Ingila, ƙaramar motar nan mai kujera biyu da mutane ke haɗawa a garejin gida tun shekarun 1990, sun gina ta a kan tsohuwar Ford Escort domin ita ce ta cika wuraren 'yan gwangwan a lokacin. Da Escort ta yi ƙaranci sai aka sake zane a kan Ford Sierra, wasu kuma suka koma Mazda MX-5. Wannan zai faru da kai ma, don haka ka rubuta a takarda wace mota ka ara, ƙirar wace shekara, ta wace kasuwa. Sunan mota kaɗai bai isa ba. Toyota Corolla ta farkon shekarun 2000 da aka yi wa Turai tana da kusoshin taya huɗu, wadda aka yi wa Amurka a daidai lokacin tana da biyar. Wanda ya rubuta "hob ɗin Corolla" ya yi shiru ya bar mai haɗawa a tsakiyar kasuwa da kaya kala biyu.

Kowane kayan da zai shiga jerinka ka yi masa tambaya uku. Kamfani nawa ke yin sa? Ana samun sabo, ko sai na gwanjo? Yana da lamba ta duniya da ba ta wani kamfani ba? Boris mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, faɗinsa na waje 47, kaurinsa 14, ko wa ya yi shi. Ƙwan fitila H4 haka yake, haka fitilar gaba zagayayya mai inci 7 da Amurka ta tsayar a 1940. Irin waɗannan ake so. Abin da ya sha ƙasa a tambaya biyu cikin uku ka cire shi, komai kyansa.

Sannan ka rage burinka tun yanzu. Manhaja kyauta ake kwafe ta, in ta lalace a sake kunnawa. Mota kuwa ana gwada ta ne ta hanyar ragargaza ta. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 94 ta gwajin karon gaba tana buƙatar a buga motar a gudun kilomita 56 a awa, kuma kowane gwaji mota guda ce ta tafi. Ƙungiyar sa-kai ba ta da wannan kuɗin. Shi ya sa ya fi sauƙi a tsaya a ƙananan motoci marasa gudu. A Tarayyar Turai akwai aji mai suna L7e, nauyin motar fasinja kada ya wuce kilo 450 ban da batir, ta kaya kilo 600, ƙarfin inji kilowat 15, kuma sharuɗɗansa sun fi na cikakkiyar mota sauƙi nesa ba kusa ba. Motar ɗaukar kayan gona ko ta cikin gari ita ce wurin farawa.

Takardar mahaɗa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin sakaci. Manyan kamfanoni ma haka suke yi a ɓoye. Tsarin MQB da Volkswagen ta fito da shi a 2012 ya tsayar da tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da fedalolin direba, da yadda inji ke zama, ya bar tsawo da faɗi su canza daga mota zuwa mota. Bambancin kawai shi ne kai za ka wallafa naka.

Ka fara da kafa sifili. Zaɓi tsakiyar aksul na gaba ya zama mafarin duk wani awo. Layin X ya bi tsawon mota, Y ya bi faɗinta, Z ya bi tsayinta, kamar yadda masana'antar motoci ke yi. Daga nan kowane rami a motar yana da lambobi uku. Kada a taɓa auna rami daga ramin da ke kusa da shi, domin kuskuren rabin milimita a wuri shida ya zama milimita uku a ƙarshe, kuma a nan ne za ka ga makanike ya ɗauko guduma.

Sai ka kasa motar. Shasi na tsakiya, ƙafafun gaba da sitiyari, ƙafafun baya, inji da giyabos, fedaloli, wayoyi, kujeru da bel, sai bodi. Ga kowane wurin da biyu daga cikinsu suka haɗu, a rubuta shafi guda. Ɗauki mahaɗar inji da shasi. Shafin zai ce: ramuka huɗu ne, ga lambobin X, Y, Z na kowanne, bol M12, wato mai kaurin milimita 12, mai daraja 8.8 a ƙarfi, faɗin rami milimita 13.5, kuskuren da aka yarda da shi rabin milimita. Zai faɗi girman akwatin da inji ba zai leƙo wajensa ba, tsawo da faɗi da tsayi. Zai faɗi iyakar nauyi, da iyakar ƙarfin murɗa da shasi zai ɗauka. Zai faɗi ta wane gefe bututun mai zai shigo da girmansa, ta ina salansa za ta fita, wane soket ne na waya, kuma kowace ƙafar soket ɗin me take ɗauke da shi. Da zarar an yi haka, mutum ɗaya na iya zana kwandon injin fetur, wani ya zana na motar lantarki, duka biyun su zauna a shasi ɗaya ba tare da sun san juna ba.

Abin da ake mantawa a shafin nan shi ne wurin hannu. Zane a kwamfuta zai nuna bol ya shiga raminsa, ba zai nuna cewa babu inda sifana za ta juya ba. Ka zana sifanar da soket ɗin su ma a matsayin sassa, ka ɗora su kan kowane noti ka gani. Ka tabbata ana iya cire matatar bakin mai, fulogi, fanbel da batir ba tare da an sauke wani abu ba.

Bayan an amince da shafi, a kulle shi. Cikin sashe kowa ya yi yadda ya ga dama, ya canza kullum in yana so. Mahaɗa kuwa ba ta canzawa sai da sabuwar lamba da sanarwa ga kowa. Ayyuka da yawa sun watse ne a kan wani mai ƙwazo da ya matsar da rami ɗaya da santimita guda don ya gyara nasa ɓangaren, ya mayar da aikin mutum goma kwandon shara.

Bol da noti

Girma huɗu sun ishi ƙaramar mota: M6 na bodi da maƙalan waya, M8 na ƙananan maƙalai, M10 da M12 na ƙafafu da inji. Duk wanda ke ɗaukar nauyi ya zama 8.8 ko sama, kuma lambar tana bugawa a kan bol ɗin. Wanda kansa babu rubutu na gyaran ƙofar gida ne. Ma'anar 8.8 ita ce ƙarfen yana tsinkewa a wajen megafaskal 800, yana fara miƙewa a 640. Ƙarfin ɗauri ga busasshen bol 8.8 kusan haka yake: M6 niyuton-mita 10, M8 25, M10 50, M12 85. In an shafa giris a tiredi a rage, domin da wannan ɗaurin bol mai maiƙo zai miƙe fiye da kima. A rubuta lambar ɗauri a jikin zane kusa da kowane bol.

Ga tarkon da ke kama kusan kowa. M10 ba ɗaya ba ne. Na shagon kayan gini tazarar tiredinsa 1.5 ce, kansa sifana 17 ko 16. Na motocin Japan yawanci 1.25 ne, kansa sifana 14. M8 na Turai sifana 13, na Japan 12. In ka ari hob daga motar Japan ka sayo bol a shago, zai shiga zagaye biyu ya cije, mai ƙarfin hannu ya matsa, tiredin hob ya tafi. Don haka a jerin kaya ba a rubuta M10 kawai, sai an haɗa da tazarar tiredi, tsawo da daraja. Bol ɗin bel ɗin kujera kuma nasa daban ne, kusan duk duniya inci 7/16 ne mai tiredi 20 a inci, kuma ba a musanya shi da komai.

A wurin da ke jijjiga a sa noti mai roba a ciki, kuma in an kwance shi a sa sabo. Washa mai tsaga ba ta hana bol mai ƙarfi kwancewa, adon banza ce. Kada tiredi ya faɗa daidai inda ƙarfe biyu ke yankar bol, santsin jikinsa ne ya kamata ya kasance a wurin. Hannun ƙafa da shokazoba kuma a riƙe su tsakanin kunnuwa biyu, bol ya ratsa duka. Kunne ɗaya yana lanƙwasa bol har ya karye.

Shasi

Bodi irin na motocin kamfani, wanda shi ne shasin kansa, yana buƙatar injin matse ƙarfe da zubi na miliyoyin daloli, don haka ba ya cikin lissafi. Abin da ke hannun ƙaramin gareji shi ne kejin bututu ko tsani mai dogayen ƙarafa biyu. Locost ta yi amfani da bututu mai kusurwa huɗu, milimita 25 a 25, kauri 1.6, wanda mita ɗaya bai kai kilo ɗaya da kwata ba. Mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye sauƙin yanka da jerawa, kuma ana iya ɗaure faranti a jikinsa. Ka tsayar da girma biyu ko uku a duk motar. Ka auna kaurin da baniya a gaban mai shago, domin abin da ake kira da baki da abin da ke hannu sukan bambanta. Fayif ɗin ruwa mai farin shafi ba ya shiga wannan aiki: ba don ɗaukar nauyi aka yi shi ba, hayaƙin waldarsa kuma yana sa zazzaɓi.

Ƙarfin keji daga kusurwa uku yake fitowa. Duk inda bututu huɗu suka yi murabba'i, a ratsa shi da na biyar ko a rufe shi da faranti, in ba haka ba zai karkace kamar tsohon gadon ƙarfe. Nauyi ya shiga ta inda bututu suka haɗu. Maƙalin shokazoba da aka liƙa a tsakiyar bututu zai tsaga shi a gefen walda. Duk inda bol zai ratsa bututu a saka guntun zagayayyen ƙarfe a ciki a yi masa walda, domin in babu shi ɗauri zai matse bututun, bol ya saki bayan 'yan kwanaki.

Teburin haɗi ɓangare ne na zanen, a wallafa shi tare da motar. Katako mai kauri ne shimfiɗaɗɗe, an ja layin tsakiya, an kafa 'yan tubalan da ke riƙe kowane bututu a wurinsa. A fara ɗiga walda a duk mahaɗai, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, bambancin kada ya wuce milimita 2. Sai a cika walda ana tsallakawa, hagu sannan dama, gaba sannan baya. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya koma ɗayan zai sami shasi mai siffar ayaba, saboda walda tana jan ƙarfe yayin da take hucewa. Maƙalan ƙafafu su ne na ƙarshe, bayan keji ya huce, kuma da wani ma'auni na ƙarfe da ke riƙe su a daidai lambobinsu.

Gwajin murɗa ba ya buƙatar ɗakin bincike. A ɗaure bayan shasi ƙam, a ɗora tsakiyar gabansa a kan abin da zai bar shi ya juya, a ɗaura dogon ƙarfe a gicciye, a rataya kilo 50 a tazarar mita ɗaya daga tsakiya. Wannan niyuton-mita 490 ke nan. A auna saukar da aka samu a milimita 500 daga tsakiya, inda digiri ɗaya yake daidai da milimita 8.7. In ya sauka 2.2, rubu'in digiri ne, taurin shasin ya kusa 1,950 a kowane digiri. A wallafa lambar da yadda aka same ta. Duk wanda ya zo da gyaran shasi ya zo da tasa lambar, gardama ta ƙare.

Gefen bodi, a duba motar OX da Gordon Murray ya zana aka nuna a 2016. Ba buɗaɗɗen zane ba ce, amma dabararta abin koyi ce: gilashin gaba falle uku ne shimfiɗaɗɗu masu girma ɗaya, in na tsakiya ya fashe a ciro na gefe a sa, manyan fallayen hagu da dama kuma suna shiga wurin juna. Gilashi mai lanƙwasa yana ɗaure ka da kamfani ɗaya har abada. Shimfiɗaɗɗe kowane mai yankan gilashin mota zai yi, muddin mai falle biyu ne da roba a tsakiya. In ka ɗora alminiyon a kan ƙarfe ka raba su da fenti ko roba, domin in ruwa ya shiga tsakani alminiyon ɗin zai cinye.

Taya, sitiyari, birki

Wili yana da awo huɗu da dole su shiga takarda: yawan kusoshi da faɗin da'irarsu, ramin tsakiya, zurfin zamansa a kan hob, da tiredin kusa. Huɗu a kan 100 ya yaɗu ƙwarai, amma ramin tsakiyar Toyota 54.1 ne, na Honda 56.1, na Volkswagen 57.1. Peugeot huɗu ne a kan 108. Na Fiat huɗu a kan 98, yana shiga kan 100 da ɗan matsi, kuma hatsarin ke nan, domin kusoshin suna zama a karkace har su karye.

Sitiyari ba ya yafe kuskure. In ka ari sandar sitiyari daga wata mota ka sa a shasin da faɗinsa ya bambanta, taya za ta riƙa juya kanta duk lokacin da ta faɗa rami. Dalili shi ne tairod da hannuwan ƙafa suna zana da'ira daban-daban. Gaɓar ciki ta tairod dole ta faɗa a kan layin da ya haɗa maƙalin hannun sama da na ƙasa. Don gwadawa, a cire sifirin, a ɗaga hob da jak milimita 50 sama, a sauke 50 ƙasa, ana auna ko bakin taya na shiga ko fita. In yana motsi, a ɗaga ko a sauke sandar da siraran faranti har ya tsaya. Haka kuma hannuwan sitiyari biyu, in aka ja layi daga kowanne, su haɗu kusa da tsakiyar aksul na baya, don tayar ciki ta fi ta waje juyawa a kwana. Wannan yana nufin wanda ya ƙara wa motar tsawo ya taɓa sitiyari ko bai sani ba, don haka takardar mahaɗa ta faɗi iyakar tsawon da aka yarda.

Birki a ɗauko shi saiti guda daga mota ɗaya. Ga abin da ke faruwa in an gauraya. Ƙafa ta taka da ƙarfin kilo 30, fedal ya ninka shi sau shida, ya zama kusan niyuton 1,800. A famfon birki mai faɗin milimita 19 wannan zai ba da matsin kusan 63 a ma'aunin matsi na bar. A sa mai faɗin 22.2 da tunanin babba ya fi, matsin ya sauko 46, fedal ya yi tauri, mota ta ƙi tsayawa. Fedalin da aka ciro daga mota mai sabo, wato tukunyar iskar da ke taimakon ƙafa, ninkinsa wajen huɗu ne kawai, in aka sa shi babu tukunyar sai direba ya miƙe tsaye. Layin man birki ya zama biyu masu zaman kansu. Tayoyin gaba su riga na baya kamewa, a gwada a kan tsakuwa da kaya da kuma babu kaya, domin in baya ta riga kamewa mota juyawa take. Bututun birki milimita 4.75 ne, notinsa yawanci M10 mai tazara 1, amma bakin bututun iri biyu ne, na Turai mai kumburi da na Japan mai ninki. Notin zai ɗauru a kan kowanne, man kuwa zai zuba ranar da aka taka da ƙarfi.

Wayoyi

Mai rewaya ya fi kowa shan wahalar motar da ba ta da zane. A yi amfani da lambobin da aka saba: 30 wuta kai tsaye daga batir, 15 bayan an murɗa makulli, 31 ƙasa, rile kuma 85 da 86 su ne masu kunna shi, 87 mafita. Fis mai ƙafa biyu launinsa ke faɗin ƙarfinsa, ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fis waya yake karewa, saboda haka da kaurin waya ake zaɓarsa. Kowane sashe ya sami soket ɗaya da wayar ƙasa tasa, kada a dogara da bol mai fenti ya kai wuta shasi. In akwai layin CAN, wato layin da kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo ta kansa, wanda Bosch ta gabatar a 1986, wayoyi biyu ne a murɗe da juna da abin tare wuta mai om 120 a kowane ƙarshe. A kashe mota a auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar duba lafiyar mota, a ga om 60. In an ga 120, ɗaya ya ɓace. Birenbos ma akwai buɗaɗɗu, Speeduino da rusEFI na injin fetur, OpenInverter na lantarki, kuma duk wanda aka zaɓa a wallafa saitinsa da ma'anar saƙonnin da yake aikawa.

Fayil da lasisi

A wallafa ainihin fayil ɗin da aka yi zane da shi, wanda ake iya gyarawa. Manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce, ta kai fitowa ta 1.0 a 2024, kuma ta isa wannan aiki. A haɗa da fayil irin STEP don masu wata manhaja, DXF don masu yankan faranti, da PDF mai awo da za a buga a manna a bangon gareji, tunda mai walda ba zai buɗe kwamfuta da safar hannu ba. A ajiye komai a Git, manhajar adana tarihin gyaran fayil, don a san wa ya canza me. Kowane sashe ya sami lamba da harafin gyara, a buga su a jikin ƙarfen. In sabon ya shiga wurin tsohon ba tare da an taɓa komai ba, harafi ne ke canzawa. In bai shiga ba, sabuwar lamba.

Lasisin buɗaɗɗun na'urori na cibiyar binciken kimiyya ta CERN, fitowa ta biyu ta 2020, kala uku ne. Mai harafin S yana tilasta duk wanda ya gyara ya buɗe nasa gaba ɗaya, mai W ya tsaya a kan sashen da aka taɓa, mai P bai tilasta komai ba. Ga mota mai sassa, W ya fi dacewa a ganinmu: shasi da mahaɗai su zauna a buɗe, mai ƙera bodi ya riƙe nasa in yana so ya ci abinci da shi. Creative Commons ta dace da hotuna da littafin haɗi, amma ba ta ba da izinin haƙƙin ƙirƙira. A guji sharaɗin hana kasuwanci, domin ya haramta wa mai walda ya ƙera ya sayar, kuma shi ne mutumin da ake nema. Kada a kwafi zanen wani kamfani ko tambarinsa a saka a ciki. A auna wuraren ɗaurin kayansu, a ba da lambar kayan, shi ke nan.

Lasisi ba ya ba mota izinin hawa titi. A Birtaniya ana kai irin wannan mota gwajin IVA, wato duban da hukuma ke yi wa motoci ɗaya bayan ɗaya, inda har gefen ƙarfen da ke waje sai an ga an dakushe shi zuwa milimita 2.5. A Najeriya a tuntuɓi hukumar NADDC mai kula da zane da bunƙasa motoci, da hukumar kula da ingancin kaya ta SON, da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun ana kan takarda. A bar wuri a shasi na buga lambar mota mai harafi 17, wadda ba a sa I, O ko Q a cikinta.

Kafin a kira zanen fitowa ta ɗaya, a ba wasu mutane biyu da ba su cikin aikin fayilolin, a hana su tambaya, a sa wani ya zauna gefe da littafi. Duk inda suka tsaya suna juya takarda, duk ramin da suka faɗaɗa da injin huji, duk bol ɗin da suka koma kasuwa nema, a rubuta lambar shafin. In sun gama, a kwance ƙafafun gaba na motarsu a ɗaura a ta farko, a kwance na ta farko a ɗaura a tasu, a sake auna alaimen a duka biyun. Abin da bai shiga ba a koma takardar mahaɗa a gyara awonsa, a sake ba wasu mutum biyu.